Kicin ɗin talabijin da kicin ɗin gaske: amsoshin tambayoyin matasan zango a Akra

A Nima aka haife ni, a gidan mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana. Tun ban kai tsayin tukunya ba Mma ta sa ni tsintar wake da wanke karan dafi. Da na tasa na shiga wani gidan abinci a Osu a matsayin mai wanke-wanke, na yi ta hawa a hankali, har yau da nake riƙe da kicin a nan Akra. A da babu abin da ake tambayata game da aikina sai "ka rago mana nama?" Amma tun da shirye-shiryen girki suka cika talabijin da waya, da wuya in je ɗaurin aure ko suna ba a ja ni gefe ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su yadda aka yi mini su.

Yaya, aikin kamar yadda muke gani a talabijin yake?

Wuƙar iri ɗaya ce, wutar ma haka. Daga nan kamannin ya ƙare. Wanda kake kallo faranti ɗaya yake haɗawa, ko uku idan alƙalai uku ne. A shirin koyarwa, kafin a kunna kyamara an riga an yanka masa albasa, an auna masa gishiri a 'yan kwanuka. Idan ya sa kaza a wuta ya ce sai ta yi awa guda, akwai wata gasasshiya a gefe da za a ciro bayan talla. Ɗaukar yini guda ake tsakurowa a mayar da ita rabin awa, kuma abin da aka yanke aka zubar ɗin nan shi ne aikinmu.

Ga yadda ranarmu take. Ƙarfe shida kaya ke sauka: buhun albasa, kwandon tumatir, kaji, kifi, ganye. A duba, a auna, a mayar wa mai kawowa da wanda ya fara laushi. Daga nan har wajen sha ɗaya da rabi babu abin da zai burge mai kallo, sai fere, yanka, markaɗe, tafasa ƙashi don romo, da soya miyar jollof da za ta isa yini. Shiri muke ce masa, kuma shi ne mafi yawan aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai gama yanka albasarsa ba har ma'aikatan ofis suka fito cin rana, ya jawo wa kowa.

Sha biyu da rabi oda ta fara shigowa, takarda kan takarda. Wannan ba ya son yaji, wancan ya ce kifinsa ya gasu sosai, ga tebur na mutum takwas da ke son abincinsu ya fito tare da zafinsa, alhali ɗaya gasasshen nama ya nema mai cin minti ashirin, ɗaya kuma salak kawai. Awa biyu ba ka ɗaga kai ba. Sai wanki, sai shirin dare, sai a sake. In an tashi a kankare murhu, a wanke ƙasa, a ƙirga abin da ya rage a firji. Gobe ma haka, abinci iri ɗaya, jibi ma haka.

To me ya sa shirye-shiryen nan suka yi farin jini haka?

Abin ya daɗe. A Amurka wata mata, Julia Child, ta fara koyar da girkin Faransa a talabijin tun 1963. A 1990 BBC ta fara MasterChef a Ingila, wanda daga baya ƙasashe da dama suka yi nasu. A 1993 aka buɗe tashar Food Network, wadda ba ta da wani aiki sai abinci. Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne gasa. Da aka sa agogo, aka zaunar da alƙali, aka ce duk mako za a kori mutum ɗaya, sai girki ya koma kamar dambe, har wanda bai taɓa dafa ruwan shayi ba ya samu gwaninsa.

A nan gida kowa ya san shirin Nana Ama McBrown, inda take gayyato fitattun mutane su yi girki ana hira. Gidajen zango masu tauraron ɗan'adam kuma sun san Akushi Da Rufi na Arewa24, da Hausa tsantsa.

Ni a ganina dalilan a fili suke. Kowa na cin abinci, saboda haka kowa alƙali ne: kakata ba ta jin Turanci, amma in ta ga an zuba tumatir ba a bari ya soyu ba sai ta yi tsaki. Sannan shiri ne da za ka kalla tare da surukarka da yaranka ba ka riƙe rimot a hannu kana fargaba ba, kuma irin wannan ba su da yawa yanzu. Ga arha wurin shiryawa, ɗaki ɗaya, murhu, kyamara biyu ko uku. Uwa uba masu talla. Kamfanonin dunƙulen miya, tumatirin gwangwani, mai da shinkafa su ke biyan kuɗin yawancinsu. Wata rana ka zauna ka ƙirga sau nawa aka murmushe dunƙule a shiri ɗaya, da yadda kyamara ke tsayawa a kan takardarsa, za ka gane wanda ke da kicin ɗin.

Ban raina su ba fa. Su suka sa yau yaro ke iya cewa "shef zan zama" a gaban ubansa.

Ni a gida kowa na yabon girkina. Wannan bai isa ba?

Ƙanwata, ya isa a fara da shi, kuma babban jari ne. Yaron da ya tashi kusa da tukunyar koko ko kaskon ƙosai ya riga ya san abubuwan da ake wahalar koya wa wasu: ƙarar mai idan ya yi zafi, ƙamshin albasa kafin ta ƙone, tashi ƙarfe uku na dare ba tare da kuka ba. In aka kawo mini yara biyu, ɗaya da takarda ɗaya daga rumfar waakye, sau da yawa na rumfar ne ke jure watan farko.

Inda ake faɗuwa shi ne awo. Mu an rene mu a kan "ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima". Mma ba ta taɓa auna kanwa ba, hannunta ya sani, kuma waakye ɗinta bai taɓa sauya launi ba. Sai dai hannun nan nata ne ita kaɗai. Ranar da ta kwanta zazzaɓi yayata ta karɓi tukunyar, masu saye suka gane tun a lomar farko. Gidan abinci ba zai rayu a haka ba. Wanda ya ci jollof ranar Talata ya ji daɗi, ya dawo ranar Asabar da baƙinsa, irin wancan yake so, ko kana nan ko kana Kumasi wurin biki. Faranti na ɗari biyu ya zama ɗaya da na farko: gwanintar da ake biya ke nan.

Na tuna ranar da wani shef da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya ɗanɗana shito ɗina, miyar yajin nan da ake ci da waakye, ya ce ya yi, in rubuta masa yadda na haɗa. Na rubuta "barkono daidai, busasshen kifi kaɗan, mai ya rufe". Ya miƙo mini sikeli bai ce komai ba. Sau biyar na sake dafawa ina auna kowane abu da giram kafin na rubuta wanda wani zai iya bi. Na ji haushi a lokacin. Takardar nan har yau da ita yarana ke aiki.

Daga ina ake farawa?

Daga bakin famfo, galibi. Wanke tukwane, share ƙasa, fitar da shara. Daga nan a ba ka wuƙa ka shiga masu shiri. In an ga hannunka sai a tsayar da kai a ɓangare ɗaya ƙarƙashin wani: gashi, suya, miya, salak, ko burodi da kayan zaƙi. In ka riƙe ɓangaren da kanka ka zama mai tasha. Sama da kai akwai mataimakin shef, sannan shef.

Wannan tsari na wani Bafaranshe ne, Auguste Escoffier, wanda ya yi girki a rundunar sojan Faransa a yaƙin 1870, ya kuma riƙe kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan daga 1890. Shi ya raba kicin tasha-tasha, kowa da aikinsa da wanda yake amsa wa, kamar bataliya. Manyan otal-otal irin Kempinski, Mövenpick da Labadi Beach a kan irinsa suke tafiya. A ƙaramin gidan abinci kuwa mutum uku ne ke raba duk muƙaman nan, kuma ɗayansu ne zai je sayo gas.

Kada ka raina wanke-wanke. Daga wurin kake ganin duk abin da ya dawo a faranti, wato abin da mutane suka ƙi ci.

Sai na yi makaranta?

Ba dole ba, amma manyan otal-otal suna neman takarda, kuma ita ke gajarta hanya. Akwai HOTCATT a nan Akra, makarantar gwamnati ta koyar da aikin otal da girki. Jami'ar Fasaha ta Akra da ta Kumasi, waɗanda a da ake kira foliteknik kafin 2016, suna da sashen aikin otal da abinci. Akwai kuma makarantun koyon sana'a na TVET da masu zaman kansu. Kafin ka biya ko sidi ɗaya a ta kuɗi, ka tambayi abu biyu: hukumar CTVET mai kula da makarantun koyon sana'a ta amince da takardarsu, kuma wane kicin suke tura ɗalibai sanin makamar aiki? In suka fara kame-kame a ta biyun, ka kama gabanka. Na ga masu satifiket ɗin wata shida da ba su iya riƙe wuƙa ba, sai ado da fure a kan kek.

Waɗanne takardu ake buƙata kafin a taɓa abincin mutane?

Takardar lafiya ta masu harkar abinci. Ana yin gwaji, musamman na taifot, sashen tsabtar muhalli na asambule ɗin yankinka, wato ƙaramar hukuma, ya ba ka shaida, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ta shafi shef ɗin otal, ta shafi mai koko a bakin titi. Shi kuma gidan yana buƙatar izinin tsabta daga hukumar abinci da magunguna ta FDA da lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana.

Wanda ya ga kwalarar 2014 a Akra ba zai ce wannan fitinar gwamnati ce ba. Lambobi uku nake sa kowane sabon yaro ya haddace: abin sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, abin zafi sama da digiri 60, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Shinkafa ta fi yaudara, don ba ta wari ko ta lalace. In an ɗauke wuta kuma janareto bai tashi ba, a daina buɗe firiza, a duba agogo. Ɗanyar kaza da katakonta daban, salak da nasa daban. A talabijin za ka ga gwani ya ɗanɗana da cokali ya mayar cikin tukunya. A wurina wannan gargaɗi ɗaya ne.

Awa nawa ake yi, kuma nawa ake samu?

Bari in faɗi abin da doka ta ce, don yawancin yaranmu ba su sani ba. Dokar Ƙwadago ta 2003, wadda ake kira Act 651, ta ce awa 8 a rana ko 40 a mako, abin da ya ɗaru a biya kuɗin ƙarin lokaci. Hutun shekara akalla kwanakin aiki 15 da albashi. Aikin da zai kai wata shida ko fiye dole a rubuta yarjejeniyarsa. Mafi ƙarancin ladan yini a 2025 sidi 19.97 ne. Kuɗin SSNIT, wato asusun fansho na ma'aikata, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, mai gida ya ƙara kashi 13.

Abin da ke faruwa a ƙasa kuwa daban. A ƙananan wurare awa goma zuwa sha biyu ba labari ba ne, ranar Asabar da Lahadi su ne ranakun aiki, ranar salla ma wani lokaci a gaban murhu za ta same ka. Na taɓa yin shekara biyu a wani gida ana cire mini kuɗin SSNIT duk wata, da na je dubawa ko kwabo ba a zuba ba. Ka je ofishinsu da katinka ka duba da kanka, kada ka jira. In abin ya ƙi, akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da ke sauraron ƙorafi, kuma ma'aikatan manyan otal da dama suna ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ICU.

Albashin farko ƙarami ne, ba zan ɓoye ba. Abin da ke rage zafi shi ne cikinka a wurin aiki yake. Ka lissafa kuɗin mota tun kafin ka amsa: in ana tashi sha ɗaya na dare a East Legon kana kwana a Fadama, trotro, motar hayar nan, ya yi wuya, rabin ladanka a hanya zai ƙare. Ka tambaya ko suna da motar ma'aikata.

Da gaske ne ana zagi da jifa da faranti kamar yadda Baturen nan ke yi?

Gordon Ramsay kake nufi. Mutumin ya iya girki, wannan babu ja. Amma shirinsa na Hell's Kitchen, wanda aka fara a Amurka a 2005, fushin ake sayarwa, masu tace hoto sun san abin da ke riƙe mai kallo. Abin takaicin shi ne wasu ƙananan shef-shef a nan sun kwaikwayi ihun sun bar gwanintar.

Ɗaga murya akwai, dole ne. Na'urar zuƙe hayaƙi na ruri, mai na ƙara, in ba ka ce "zafi a bayanka!" da ƙarfi ba wani zai ƙone. Umarni gajere ne, babu "don Allah" a tsakiyar cin rana, amsarka "to, shef". Yaron da ba ya son a gyara masa a gaban mutane zai sha wuya. Zagin iyaye da duka kuwa ba koyarwa ba ne, kuma kicin ɗin da na ga ya fi kowanne fitar da abinci mai kyau shi ne wanda ya fi shiru. Wurin da aka zagi mahaifiyarka ka nemi wani.

Malam, ya batun naman alade da giya? Salla da azumi fa?

Hukuncin na malamai ne, ka je wurin limamin unguwarku ka faɗa masa ainihin abin da hannunka zai taɓa, kada ka rage. Abin da zan iya ba ka shi ne yadda wurin yake. Manyan otal-otal kusan duka suna da alade a karin kumallo, kuma girkin Turawa yana shigar da giya a wasu miyoyi. Ka yi maganar tun ranar ganawa, ba bayan an ɗauke ka ba. A babban kicin ana iya ajiye ka a tashar da babu ruwanta da su, kamar burodi, kifi, ko abincin gida. A ƙarami mai mutum uku ba zai yiwu ba, gara ka sani tun wuri. Akwai gidajen abincin Labanawa da Turkawa da na 'yan'uwa Musulmi da yawa a Akra da ba sa kusantar alade, ko da yake wasunsu suna sayar da giya a gaba, wannan ma ka tambaya.

Azahar takan faɗo a tsakiyar cin rana. Lokacinta na da faɗi, da zarar oda ta lafa ka ce wa abokin tasharka ya riƙe maka minti goma. Juma'a sai da shiri: ni na saba karɓar Lahadin abokan aikina Kirista su je coci, su riƙe mini Juma'a. Shekaru muna haka babu wanda ya ji kanmu.

Azumi a gaban wuta jarrabawa ce, ƙishirwa ta fi yunwa. Game da ɗanɗano, abin da muka koya a Malikiyya shi ne makaruhi ne, amma in an tofar bai kai maƙogwaro ba azumi na nan. Ni dai nakan kira wanda ba ya azumi ya ɗanɗana. A nan ma sikeli ke ceto: wanda ya auna gishirinsa ba ya dogara da harshe.

Ɗana ya ce shi kuku zai zama. Namiji da tukunya?

Baba, Allah ya ƙara girma. Wa ke gasa tsiren da ake layi a kansa a bakin titin Nima da daddare? Wa ke soya ƙwai a teburin shayi? Sarkin fawa da mahautansa mata ne? Mazan zango sun daɗe suna ciyar da garin nan, har masu wasu harsuna sun san cicinga, wato tsire, sana'armu ce. Kalmar kuku ma tun zamanin Turawa take bakinmu. Bambancin kawai yanzu akwai farar riga da takardar albashi. In yaron na da natsuwa a sa masa albarka, a kuma riƙa tambayarsa inda yake aiki da su wa yake tashi da dare, kamar yadda za a yi ko gareji ya shiga.

Mace fa? Da hijabina za a ɗauke ni?

Rufe gashi dole ne a kicin ga kowa, ke kin riga kin cika wannan. Sai dai ki sa ƙaramin da ke kama kai, ki cusa shi cikin riga, don mayafi mai yawo da harshen wuta ba sa haɗuwa. Zobe, awarwaro da dogon farce a bar su a gida.

Abin da ke korar mata ba nauyin tukunya ba ne, wadda ta tuƙa tuwon biki ta wuce nan. Tashin dare ne, da kuma wasu maza marasa kunya. Ki nemi aikin safe in da hali. Ɓangaren burodi da karin kumallo da asuba yake farawa, da rana an tashi. Ki sani doka ta ba ki hutun haihuwa akalla mako 12 da albashi. Ta kuma ce in kin yi ta kai ƙarar mai damunki da lalata mai gida bai ɗauki mataki ba har kika bar aikin, ana lissafa shi a kora ba bisa ƙa'ida ba. Ki riƙa rubuta ƙorafin, ki ajiye kwafi.

In na ƙone fa?

Za ka ƙone, za ka yanke, kowa ya yi. Ka sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo minti 20. Ban da man goge baki, ban da manja, ban da ƙwai. In ta yi faɗi ko a fuska take, asibiti. In mai ya kama da wuta a kasko, kashe gas ka rufe da murfi, ko kusa kada ka zuba ruwa. Wuƙa mai dakushi ta fi mai kaifi yanka mutum, don da ƙarfi ake danna ta.

Ba gara in shiga gasa in yi suna lokaci ɗaya ba?

Na san inda tambayar ta fito. A 2023 Hilda Baci ta yi girki a Legas aka amince mata da awa 93 da minti 11 a kundin Guinness, ba a daɗe ba Alan Fisher ɗan Ayaland ya kai awa 119 da minti 57 a Japan. A watan Janairun 2024 Failatu Abdul-Razak ta tsaya a Tamale ta yi awa 227. Duk zango mun bi ta a waya, mun yi mata addu'a. Kundin bai karɓa ba saboda ƙa'idar hutu, amma ta sa duk ƙasa ta kalli abincin arewa kwana goma, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ka shiga in ka samu dama, ba na hana ka. Ka dai san abin da ake gwadawa. Gasar juriya ƙafa take gwadawa. Gasar talabijin tana neman wanda ya iya magana yana yanka, mai labarin da zai taɓa zuciya. Babu wadda ke gwada ko za ka iya rubuta odar kasuwa ta mako, ko ka riƙe yara shida ranar da biyu ba su zo ba. Wanda ya ci gasa ya zo neman aiki, zan taya shi murna in ba shi buhun albasa in duba agogo.

In suna kake so, wayarka ma ta isa. Mata da yawa a Madina da Maamobi suna samun odar biki daga bidiyon minti ɗaya a TikTok. Waɗanda ke ɗorewa su ne waɗanda abincin da suka kai ya yi kama da wanda suka nuna.

Abincinmu na zango yana da wuri a manyan gidajen abinci, ko sai na Turawa?

Wannan ce tambayar da na fi so. Duba sunayen abin da Gana ke ci da safe da rana: waakye daga wake ne, tuwo zafi da ake taƙaitawa TZ, Hausa koko, ƙosai, fura, masa, ƙuli-ƙuli, fankaso. Harshenmu ne a bakin kowa. Yau babban otal ba ya shirya teburin abincin gida ba tare da waakye ba, kuma baƙin da ke cika gari duk Disamba tun bayan Shekarar Komowa ta 2019, da Gana ta gayyato 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare, ba taliyar Italiya suka biyo ba.

Dubi Fatmata Binta, Bafulatana haifaffiyar Saliyo da ke zaune a nan Gana. A kan tabarma take zaunar da baƙinta ta ba su abincin Fulani, da acca da daddawa da man shanu. A 2022 ta karɓi kyautar girki ta Basque a Sifen, ita ce ta farko daga Afirka. Accan nan da wasu ke ganin abincin ƙauye ne. Selassie Atadika mai kamfanin abinci na Midunu ma da kayan gida ta yi suna, Eric Adjepong kuma ya kai zagayen ƙarshe na Top Chef a Amurka yana dafa abincin Gana.

Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda suka fi kowa iya abincin nan, iyayenmu, ba su ne ke gaban kyamara ba, kuma ilimin na tafiya da su. Kowace Hajiya na da sirrin miyar waakye ɗinta, babu wanda ya rubuta. In kana da uwa ko gwaggo mai wannan sana'a, ka sayi ƙaramin sikeli ka zauna kusa da ita mako guda. Duk abin da ta ɗebo ka ce "Mma, tsaya" ka auna kafin ta zuba. Za ta kore ka sau biyu. Ka dawo.

Ina son buɗe nawa. Me ke kashe gidajen abinci?

Lissafi, ba ɗanɗano ba. A ƙa'idar da muke bi, kuɗin kayan da ke cikin faranti kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na farashinsa, sauran na haya ne, albashi, gas, wuta, ruwa da haraji, har da kashi 1 cikin ɗari na yawon buɗe ido. Kayan kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Albasarmu da yawa daga Nijar take zuwa, tumatirin rani daga Burkina Faso, in hanya ta rufe ko sefa ta tashi ranar nan za ka ji a tukunya. Tun da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 har kuɗin ɗauko ta ya ƙaru. Sai ɓarna: abin da ya ruɓe, abin da ya ƙone, abin da ya bi ta ƙofar baya. Sai kuma namu na gida, 'yan'uwa da abokai masu ci su ce "rubuta".

Ka fara da abinci uku da ka fi iyawa, daga gida, kana aikawa da masu babur. Ka yi shekara kana rubuta shiga da fita kafin ka biya hayar shago.

Na samu gwaji gobe. Me zan zo da shi?

Takalmi rufaffe mara santsi, farce a yanke, takardar lafiyarka, ɗan littafi da biro a aljihu. Ban da turare. Ka ci abinci kafin ka fito, ka iso minti ashirin kafin lokaci, wayarka a jaka. In ka gama abin da aka sa ka kada ka jingina da tebur, ka ɗauki tsumma ka goge wurinka ka tambayi na gaba. In aka ce yanka albasa, ka tambaya wane irin yanka kuma na wane abinci, sannan ka nuna guda ɗaya kafin ka yanka buhun.